Ƙofar Gidanmu a Wedirejo

Wedirejo, ranar Lahadi

Zuwa ga Paklik Darmo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da aikin kafinta, da mutanen Semarang. Ni ce Tyas, 'yar yayanka. Rabonka da ni tun ina aji uku na firamare, yanzu ina ajin farko na babbar sakandare. Bu Sarmi mai kai kifi kasuwarku ce za ta ba ka wannan takarda. Don Allah kada Bapak, mahaifina, ya sani.

Malaminmu ya ba mu aiki mu rubuta tarihin garinmu, da yanayin ƙasarsa, da yawan mutanensa. Na je ofishin unguwa, aka nuna mini littafi. Shekarar da aka haife ni gidaje ɗari biyu da sha huɗu ne a unguwarmu. Na zagaya da ƙafata na ƙirga masu mutane a ciki, talatin da ɗaya. Sauran teku ya shige su. Tarihin ne ba ni da shi, shi ya sa na ce in tambaye ka.

Amma gaskiya ba shi kaɗai ba ne. Da na zo wajen yanayin ƙasa, na ɗauki rula na auna gidanmu. Ka san duk lokacin da ruwa ya fara shiga ɗaki sai a kawo ƙasa a yi ciko a ɗaga daɓe. Sau huɗu Bapak ya yi tun tafiyarka, rufin kuma yana inda yake. Ƙofarmu yanzu iyakarta ƙuguna. An ɗaga titi ma, ya fi saman ƙofar tsawo, sai ka rarrafa ka fito sannan ka hau matakala a tsaye, kamar mai fita daga rijiya.

Mbah, mahaifiyarku, ɓarin jikinta ya shanye tun azumi. Ba ta iya zama. Na yi ta lissafi, ban ga yadda za a fitar da mutum a kwance ta wannan ƙofa ba. Bapak kuma ya yi maganar wata tifar ƙasa.

Ka yafe mini idan na yi shisshigi.

'Yarka,
Tyas

*

Semarang, Laraba

Nduk,

Wa alaikumus salam. 'Yata, na ga takardarki, rubutu kamar na magatakardan kotu. Wa kika gado? Ubanki dai ko sunansa sai ya karkata.

Ga tarihi, ki rubuta. Da muna yara, daga gidanmu zuwa teku tafiyar awa guda ce, ta cikin gonakin shinkafa da kwakwa. Sai aka ce jatan lande ya fi shinkafa, kowa ya sare itatuwan bakin ruwa ya haƙa tafki. Sai masana'antu suka biyo mu daga birni, suka huda rijiyoyin burtsatse suna zuƙe ruwan ƙarƙashi, ƙasa ta fara zama. Mutanen birni suka cika garinmu, daga baya suka riga mu gudu. Inda muke buga ƙwallo yanzu can ake jefa koma. Ki gaya wa malaminku kafinta ne ya faɗa.

Maganar ƙofa kuwa, ita ta raba ni da ubanki. Shekara bakwai ke nan na ce masa ciko ba tare da ɗaga rufi ba haƙa kabari ne daga ƙasa zuwa sama. Na ce a kwance rufin a ƙara bango. Ki ɗaga kai ki duba babbar azarar tsakiya, za ki ga ƙyalle ja da fari a naɗe. Kakanki ne ya ɗaura shi da hannunsa ranar da aka ɗora azarar, tare da damin shinkafa da rake, aka yi addu'a aka ci abinci. Ubanki ya ce muddin Mbah tana raye ba mai taɓa wannan azara, ranar da aka sauke ta zuciyarta za ta tsaya. Na ce masa jaki. Ya ce idan na sake tako gidan da zarto zai jefa ni a tafki ni da zarton. To ni ba na zuwa inda ba a kira ni ba.

Kada ki tsorata da yawa. Amma ki riƙa yin alama a ƙafar gadonta duk inda ruwa ya tsaya, ki rubuto mini. Ki lura da wata, idan ya cika teku ma cika yake.

Ki shafa mata man zafi a ƙafa, kada ki ce ni na ce.

Paklik ɗinki

*

Wedirejo, Litinin

Paklik,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya. Na gode da tarihin, na kwafe shi, amma na cire inda ka zagi Bapak.

An kawo ƙasar ranar Juma'a. Yanzu ƙofar da kaɗan ta wuce gwiwata. Bapak ma a sunkuye yake yawo cikin ɗaki, azarar tana taɓa masa kai. Na yi ta shirya magana kwana biyu, muna cin shinkafa da busasshen kifi na ce, "Bapak, idan ruwa ya zo da yawa, ta ina za mu fitar da Mbah?"

Ya ce, "Ruwan da na ɗaga masa daɓe taƙi biyu? Ci abincinki."

Mbah daga gado ta ce, "Ƙyale ubanki, Nduk. Ƙofar nan ta koya masa ladabin da na kasa koya masa. Kullum da rarrafe yake shigowa gaishe ni."

Bapak ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Jiya bayan la'asar ruwa ya zo. Bai tsaya a sabon daɓen ba, ta saman titi ya gangaro cikin ramin ƙofa ya cika shi. Na tsaya ina kallon hasken ƙofar yana raguwa har ya rage kamar faɗin tafin hannu. Cikin ɗaki ya yi duhu, ruwa yana buga ƙafar gadon, takalmanmu suna yawo. Yatsa huɗu ya rage ya taɓa katifa. Bapak ya kama kafaɗunta, ni da Ibu, mahaifiyata, muka kama ƙafafu, muka kai ta bakin ƙofa. In za ta fita dole sai kanta ya nutse, kuma jikinta ba ya lanƙwasuwa a hau matakala da shi. Ta yi ƙara saboda ƙugunta. Muka mayar da ita. Ruwan bai janye ba sai wajen magariba.

Ban gaya maka ba, da Pak Wiryo maƙwabcinmu ya rasu watan jiya, ta rufi aka fitar da gawarsa. Tun ranar, in na rufe ido abin nake gani.

Yau da safe ina taje wa Mbah kai na tambaye ta maganar azarar. Ta ce, "Wa ya ce miki ni katako na aura?" Ta ce ita ba ta taɓa hana kowa ba, Bapak ne ya yanke hakan a ransa. Da ta ga har ya rasa ƙaninsa a kan maganar, sai ta kasa gaya masa cewa a banza ne, don kada kunya ta kashe shi. Na ce, "Mbah, ruwa fa?" Ta ce, "Rubuta wa ɗan banzan nan. Ki ce gidan nawa ne, uwarsa ce ke kiransa. Ya zo da zartonsa."

Wata zai cika ranar Alhamis. Masunta sun ce iska ta juya, wasu sun fara ɗaure jiragensu a jikin masallaci. Paklik, ina jin tsoro ƙwarai. Na kasa cin abinci.

'Yarka,
Tyas

*

Semarang, Talata

Nduk,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau biyu. Ina zuwa Alhamis bayan asuba, da mutum biyu da igiya da zarto. Kafin nan ba zan samu mutanen ba. Ruwa sai la'asar yake zuwa, za mu riga shi.

Ki saurara da kyau. Kada kowa ya yanke katako ko ɗaya kafin in zo. Rufin nan ya ruɓe da gishiri, wasu sandunan su ke riƙe da sauran. Idan aka yanke wanda bai dace ba, duka zai rufto a kan gadon. Ku ɗora gadon a kan bulo biyu-biyu.

Ki ce wa Mbah ɗan banzan ya ji. Ki ci abinci.

Paklik

*

Wedirejo, Laraba da azahar

Paklik,

Salam. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan rufi nake. Ruwan bai jira Alhamis ba, tun hantsi iska ta koro shi. Titi ya nutse, Bu Sarmi ba ta fita ba. Pak Jumadi masunci zai kawo maka wannan a jirginsa, ya ce zai jira ka a tashar jirage ya dawo da kai.

Ƙofar ta ɓace gaba ɗaya. Ibu tana ciki tare da Mbah, ruwa ya kai mata ciki, duk da bulon saura kaɗan ya taɓa katifa. Bapak ya cire tayil ɗin rufi da hannunsa, ta nan ya jawo ni. Muna ganin fuskar Mbah ta tsakanin sanduna, amma ratar ba ta isa a ɗago ta ba.

Ya ɗauko adda zai sara. Na riƙe masa hannu na ba shi takardarka. Ya karanta, ya dubi sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye addar. Yana zaune yanzu, bai san wanda zai yanke ba.

Ya ce in rubuta haka, da bakinsa: "Darmo, ni ne Kardi. Ka zo."

Pak Jumadi ya ce awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa. La'asar ba ta yi ba tukuna, ruwan bai gama hawa ba.

Tyas