Ciyawar da na kankare daga dutsen Babana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na roƙi admin ya ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun ina ɗalibi ban iya bayani da baki ba sai da alƙalami.

An haife ni a wata unguwar Maguzawa bayan Ruwan Godiya, ƙasar Faskari. Na musulunta ina makarantar kwana, Babana kuwa ya rasu a kan abin da ya gada. Bayan gidanmu akwai dutse, can samansa cikin wata tsaga akwai wata 'yar ciyawa da ba ta kai tafin hannu ba, ba ta fure ba ta 'ya'ya, ganyenta ƙanana a jere kamar kitso. Da rani takan bushe ta dunƙule ta yi launin toka, ka rantse ta mutu, in ruwa ya ratsa dutsen sai ta buɗe ta yi kore shar. Muna ce mata 'yar barci. A unguwarmu ba mai shuka da ruwan farko sai Baba ya hau ya duba ta. In ta kwana uku a buɗe sai ya ce a fito da iri, in ta koma ta dunƙule ya ce ruwan yaudara ne, a dakata. Ba a taɓa ta, ko akuya ba a bari ta hau wurin.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, sa'o'ina na ta barin gona suna bin 'yan kwangila Kaduna da Legas, ni kuma ina Zariya ina karatun tsirrai. Aka ce kowa ya tattaro tsirran garinsu ya busar a takarda. Lakcaranmu ya ce samfur ba ya cika sai da saiwarsa, kuma a kawo fiye da ɗaya, ni kuwa duk abin da aka ce in yi sai na yi shi daidai. Na zo hutu gab da damina, ranar kasuwa gida ba kowa, na hau na sa wuƙa. Na ɗebi uku, ɗan guntun da ya rage shi ma ya biyo wuƙar. Na ce ai ciyawa ce, za ta sake fitowa. Ban san irinta tana ɗaukar shekaru kafin ta kama dutse ba. Saboda tsoron kada wani ya biyo sawu har gida, wurin rubuta inda aka samo ta na rubuta duwatsun Ƙanƙara. Ita kaɗai ce ƙaryar da na taɓa rubutawa a takardar aiki.

Bayan na koma makaranta ruwa ya sauka. Baba ya hau bai tarar da komai ba, ya ce a dakata. Ƙauyukan kusa suka yi shuka, namu suna jira, shi yana hawa yana saukowa. Da suka gaji suka shuka, damina kuma ta zo gajera, dawarmu ta tsaya ba ta cika ido ba. An ba ni labari Kawu Jatau, ƙanen Baba, ya tsaya ƙofar gida yana kiran Baba da sunansa yana cewa, "Nomau, dutsen ne ya kurmance ko kai ne ka makance? To bana sai ka dafa muna dutsen mu ci." Wasu suka ce hukunci ne don ya bar ɗansa ya bi salla. Daga shekarar kuma ba wanda ya ƙara tambayar Baba lokacin shuka.

Da na dawo hutu ya kira ni gindin rumbu ya ce, "Ɗan boko, a littafin naku an faɗi abin da ke sa ciyawa ta yi ƙaura?" Na ce ba mu kai wurin ba tukuna. Ya ce to in mun kai in faɗa mishi. Shekara huɗu bayan haka ya rasu.

Yanzu na kusa saba'in. Watannin baya wata malama mai binciken tsirrai ta nemo lambata ta kira, ta ce sun duba tsoffin samfura sun ga nawa, kuma ba a taɓa rubuta irin ciyawar ba a ko'ina, sabuwa ce ga masana. Sau biyu suna zuwa duwatsun Ƙanƙara nemanta, duk da halin da hanyoyin nan ke ciki, ba su same ta ba. Tana so in kwatanta musu wurin, har ta ce suna so su sa wa ciyawar sunana. Na ce zan duba tsoffin takarduna. Ba abin da zan duba, na san tsagar kamar ɗakina, watakila ma akwai saura a wata tsagar da ban kai ba.

Damuwata yayata ce, Yaya Tambai, tana garin Sabuwa wurin 'ya'yanta. Ita ke riƙe wa Baba goran ruwa in zai hau dutsen, ita ta yi jinyarsa. Har yau ta yarda dutsen ne ya juya mishi baya, in ta tuna sai ta yi hawaye. Idonta ya tafi, rediyo ba ya barin kunnenta, in labarin ya fita da sunan unguwarmu za ta ji. Makon jiya na je da niyyar faɗa mata. Ta sa aka dama mini fura, ta lalubo hannuna ta ce, "Auta, duk cikinmu kai kaɗai ne ba ka taɓa sa Baba kuka ba, ko sallarka bai ji haushi ba." Na shanye furar na yi mata sallama.

Jikinta ya yi nauyi sosai, 'ya'yanta sun ce in riƙa zuwa akai-akai. In na faɗa mata, za ta san dutsen bai guji Baba ba, amma za ta san ni ne, kuma ni kaɗai na rage mata cikin 'yan ɗakinmu. In na yi shiru, za ta tafi tana ganin an yi fushi da ubanmu, waɗancan bayin Allah kuma su ci gaba da hawa duwatsun da ba komai. Ku da kuke da iyaye da yayye, wanne ya fi mata sauƙi? In faɗa mata ko in bar ta? Malamar za ta sake kira ranar Litinin.