Cikon Kunkuru Nicanor

Litinin, 7 ga Janairu, 2019

Ƙanena Fausto ya kawo kwalin yau, kwana tara da binne Baba. Kaset ɗin bidiyo arba'in da ɗaya, da takardu a jakar leda. A murfin an rubuta "Na Nélida" da hannun Baba. Ko gaisuwa babu.

Katun ɗin ne gaba ɗaya, Kunkuru Nicanor mai kai wasiƙa, wanda Baba ya ɗora wa murya shekara biyar. Fausto ya ce gidan talabijin ya daɗe da naɗe wasan ƙwallo a kan nasu, wannan kaɗai ya rage a duniya. Wai wata ƙungiyar masoya katun ɗin tana roƙon a ba ta.

Na ce masa ranar Asabar ta sama zan kwashe shara, da shi zan sauka.

"Yaya, ba ki da tsoron Allah."
"Ina da shi. Kunkuru ne ba na tsoro."

Talata, 8 ga Janairu

Editanmu yana son kalma ɗari takwas: 'yar marigayi ta tuna muryar yarintarmu. Na ce ni rahoton kotu nake yi, ya nemi wanda ya yi yarintar.

A ofis kowa sai ya tsaya a teburina ya rera waƙar farkon shirin. Manya da furfura, idonsu ya ciko da hawaye. Wai suna tuna ƙarfe huɗu, lokacin shirin, an dawo daga makaranta, burodi mai zaƙi da madara, kaka tana guga a gefe. Na yi musu murmushi. Su suna da ƙarfe huɗunsu. Nawa a saman bene na yi shi, bayan tankin ruwa, daga ranar da Baba ya ɗauki akwatinsa ya bar gida a 1985 har aka daina nuna shirin. Shekarata tara. Ko daga can ina jiyo shi ta tagogin maƙwabta, gida takwas, murya ɗaya. Uban da ba ya gida amma yana kowane gida.

Alhamis, 10 ga Janairu

Kwalin yana bayan ƙofa. Na yi tuntuɓe da shi sau biyu.

Asabar, 12 ga Janairu

Wajen Mama. Ta yi miyar kaza, Fausto ya zo da ƙararsa.

Ya ce shi da kunkurun ya tashi, shekararsa huɗu lokacin, bai san wani uba ba sai wannan. Yana zama gaban akwatin talabijin ya ce "Baba, ina wuni." Ban taɓa sanin haka ba. Ina sama.

Mama ba ta ɗago daga tukunya ba. "Mutumin nan ya iya muryar kunkuru, ya iya ta kare, ya iya ta ɗan fashin teku. Ta uba ce dai ba a ba shi takardarta ba."

Fausto ya ce to ki sa baki mana, Mama. Ta ce ba sunanta aka rubuta a murfi ba.

A mota na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Gyaɗa. Sunan da Baba yake kirana da shi a gida, shi kaɗai. Bayan ya tafi sai na ji yara a filin makaranta suna ihu, "Gyaɗa, sa rigar sanyi." Kunkurun ne ya faɗa jiya, in ji su. Ba su san wace ce ba, a shirin babu wata Gyaɗa. Ya ɗauki abu ɗaya da ya bar mini ya raba wa yaran Meziko kaf su yi wasa da shi.

Fausto ya ci gaba da tuƙi har muka wuce fitilar hanya uku. Sai ya ce, "Ke ce Gyaɗa? Mutanen ƙungiyar sun ce dodon koɗi ce da ke zaune cikin ƙoƙon bayansa."

Dodon koɗi. Madalla.

Lahadi, 13 ga Janairu

Ban buɗe ba. Takardun kawai na duba, don a san abin da ake zubarwa. Rubutun da yake karantawa ne a ɗakin ɗaukar murya, kowane da ranarsa, da fensir a gefe.

Talata, 15 ga Janairu

Doña Cuca ta kira, matar da ke ba su umarni a ɗakin ɗaukar murya a wancan zamanin. Fausto ne ya ba ta lambata, zan ji da shi. Shekara tamanin da huɗu, muryarta kamar ta mai tallar gas a titi. Na je ne don ba a ƙin tsohuwa.

Ta ba ni kofi mai kirfa, ta ƙare mini kallo. "Hancinsa ne. Allah ya ba ki haƙuri, 'yar nan."

Ta yi mini bayanin aikin. Katun ɗin daga Japan yake zuwa. Sau da yawa maganar da aka fassara takan ƙare, bakin zanen kuma yana ci gaba da motsi. Ba a barin baki yana motsi babu sauti, dole mai murya ya cika. Ciko suke ce masa. Wasu su yi tari, wasu su ce "to, to, haka ne." Nicanor kunkuru ne, bakinsa a hankali yake, cikonsa ya fi na kowa tsawo.

"Ubanki kuwa sai ya riƙa aika saƙo. In tsayar da na'ura in ce, Chebo, wace ce Gyaɗa, ba ta cikin takarda. Ya ce ya yi daidai da bakin ko bai yi ba? Ya yi, ɗan banza. Ko sau ɗaya bai kuskure ba."

Na ce saƙo ga wadda ba ta kallo ba saƙo ba ne.

"Ya sani. Ni na ce masa, je ka ƙwanƙwasa ƙofa kamar mutum. Ya ce gobe. Matsoraci ne, 'yar nan, ban kira ki don in wanke shi ba. Kasetin nake roƙo, akwai muryar mutum goma sha ɗaya a ciki, tara sun mutu."

Wannan hujja ce. Na rubuta ta a matsayin hujja, ba wani abu ba.

Laraba, 16 ga Janairu

Na bi fensirin layi layi, yadda nake bin takardun kotu. Cikon da ke da sunan, sittin da uku.

Yawanci ba komai. Gyaɗa, ci abinci. Gyaɗa, wanke hannu. Kowane uba zai iya faɗa daga duniyar wata.

Amma 11 ga Maris, 1986: "Gyaɗa, wa ya yanke miki gashi haka?" Ni na yanke, da almakashin ɗinkin Mama, mako guda kafin nan. Akwai hoton makaranta, na ciro shi, ranar tana baya.

Oktoba 1986: "Gyaɗa, ɗaure igiyar takalmin hagu." Fabrairu 1987: "Gyaɗa, hannun ya warke?" Watan da na faɗo daga tankin ruwa aka sa mini filasta.

Mama ba ta magana da shi, na tabbatar da wannan yau. Wato ganina yake yi. Yana zuwa.

Juma'a, 18 ga Janairu

Na je tsohuwar makarantar da hutun rana. Tsallaken titi akwai rumfar mai lemon matsi, tun zamaninmu take nan, yanzu ɗiyar mai ita ce a ciki. Daga can ana ganin ƙofa sarai.

Na ƙirga. Taku goma sha tara daga rumfar zuwa ƙofar makaranta. Da jiran mota ta wuce, minti ɗaya.

Shekara uku yana tsayawa a nan da kofin lemo, ya kalli gashina, ya kalli takalmina, sannan ya hau bas ya ratsa rabin gari ya je ya gaya wa kunkuru. Kada wani ya ce mini wannan ƙauna ce. Na san abin da Fausto zai ce, na san abin da edita zai yi da shi, har kanun labarin ina gani. Ba zan ba su ba. Taku goma sha tara.

Na sha lemon. Ya yi tsami.

Fausto ya ajiye mini tsohuwar na'urar bidiyo wajen mai gadi, da 'yar takarda: "Ko mai laifi ana sauraronsa, malamar kotu." Rainin hankali.

Asabar, 19 ga Janairu

Mai shara ya kaɗa ƙararrawa ƙarfe tara. Na sauka da ledar kicin. Kwalin yana da nauyi, bayana kuma tun Laraba yake ciwo.

Litinin, 21 ga Janairu

Na kira Doña Cuca. Na ce ƙungiyar za ta iya kwafar kasetin, saboda mutum goma sha ɗayan nan. Takardun nawa ne, ba mai ganinsu. Duk wanda ya tambaya wace ce Gyaɗa, dodon koɗi ce. Ta yi dariya har da tari, ta ce taurin kan ma nasa ne.

Kafin a ba da abu ai sai an duba ko yana aiki. Na haɗa na'urar. Hoton yana rawa, kalar ta koɗe, kunkurun ya fi yadda nake zato muni. Ya kai wa wata akuya wasiƙar gayyatar biki bayan an haifi 'ya'yan. Ban yi dariya ba, ko kuma kaɗan. Sai maganar ta ƙare, bakin ya ci gaba da motsi, ya faɗi abin da yaran suke ihu a filin makaranta. Ba da ihu ya faɗa ba. A hankali ne, kamar daga bakin ƙofa.

Na kashe. Ban yafe ba, in ma wani zai karanta wannan wata rana.

Da na duba agogo huɗu da minti ashirin, ban shirya hakan ba. Saura kaset arba'in a duba, ɗaya a rana ya isa.

Na sa rigar sanyi. Janairu ne, gidan nan kuma ba ya samun rana.