Littafin 'Yata Ya Fi Ƙarfina

Anti Nachisale, don Allah ki agaza mini kafin Asabar.

Ni dattijo ne, shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a kan keke a Zomba. 'Yata Tiyamike ta rubuta littafinta na farko, kuma sunana ta sa a shafin gaba. Labarin shekara ɗari nan gaba ne, a kan wata na'ura mai tunani irin na mutum. Ranar da ya iso, ko tuwon nsima ban tsaya ci ba.

Anti, ban gane shi ba. Sau uku na karanta. A babi na huɗu na'urar ta rabu bakwai, kowacce tana cewa ita ce ta ainihi, sai ga jibi ya riga jiya zuwa. Har bayan kalanda na juya na zana taswirar labarin da fensir, yadda nake zana layukan unguwa a da, amma na ɓace. Ni da ban taɓa ɓatar da wasiƙar kowa ba. Na sa rai da labari mai kai da gindi, irin wanda nake ba ta tana ƙarama. Raina bai so ba, kuma kunyar hakan nake ji.

Wuri ɗaya kaɗai na gane. Na'urar ta ɓare wa wata yarinya mara lafiya lemo, ɓawon bai tsinke ba, ta naɗa mata shi a wuyan hannu. Haka nake yi wa Tiyamike shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Da na zo nan, sai na ajiye littafin na fita tsakar gida.

A waya na ce mata ya yi kyau. Yanzu ta ce ni zan yi jawabi a taron ƙaddamarwa ranar Asabar. In yi ƙarya gaban jama'a, ko in ɓata mata rai?

Tsohon Mai Keke, Zomba

Baba,

Ko ɗaya kada ka yi. Gaskiya ne masu irin wannan rubutu da gangan suke hautsina lokaci, kuma akwai masu son hakan. Amma idan mai haƙuri irinka ya bi littafi sau uku ya ɓace, marubuciya tana bukatar ta ji, sai dai ba a taro ba. Kafin Asabar ka zaunar da ita, ka nuna mata kalandar nan, ka ce ta nuna maka hanya. Za ta ɗan ji zafi, amma da wuya ta yi fushi da uban da ya yi wa littafinta taswira.

A taron kuwa, bar wa malaman jami'a bayanin na'ura. Kai ba su labarin lemon. A ganina sauran shafukan duk ambulan ne, wasiƙar tana wannan shafi, kuma ta isa hannun mai ita.

Ka tafi da lemo ɗaya a aljihu. Allah ya yi muku albarka, kai da ita.

Anti Nachisale