Sunayen da Aka Ɗinka a Kan Zane

Boca de Tamboral, 3 ga Mayu

Zuwa ga ɗiyata ta baftisma, Yorleidis Palomeque, daga Padrino, ubanki na baftisma,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki a ofishin lauyoyi. Ni dai ƙirjin yana nan yadda kika bar shi, gidan kuma ni kaɗai ne da kaji.

Ga zanen nan na aiko a jirgin ruwan Laraba. Wata bakwai ke nan mata goma sha ɗaya suna taruwa kowace Asabar a tsohon ajina, suna ɗinka taswirar kogin nan tun daga mafarinsa. Jan zare shi ne inda masu haƙar zinariya ke zuba zaiba. Baƙi shi ne inda kifi ya ƙare. Kowace ta ɗinka gidanta a inda yake. Ni ban iya allura ba, abin da na koya masu shi ne rubuta suna, kuma na ce kowace ta sa nata kusa da gidanta, domin a zamaninmu ba a karɓar aikin ɗalibi babu suna.

Eufemia Córdoba ta fi kowa gardama. Ta ce, "Maestro," wato malam, "shekara sittin ina sa hannu da babban yatsa, yanzu da haƙora suka zube za ka mai da ni 'yar aji ɗaya?" Na ce harafin E ɗinta ya yi kama da matsefin da ya karye. Ta ce, "To ai ka gane shi, mai sanƙo, ko da yake rabonka da matsefi tun kafin a haifi Yorleidis."

Ki kai zanen gaban alƙali ran da za a saurari ƙarar da aka shigar kan kogin. Allah Ya tsare ki.

Padrino ɗinki,
Anacleto Rentería

Quibdó, 14 ga Mayu

Padrino,

Ina gaisuwa. Zanen ya iso, mun rataye shi kwana uku a zauren coci. Mutane sun yi ta ɗaukar hoto, yanzu yana yawo a wayoyi. An sa zaman kotu ran 9 ga Yuni.

Amma wa ya ce a sa sunaye, har da gidaje? Sai da na ga hoton a wayar wani baƙo na gane haɗarin. Ka gaya wa matan su kula. Ka riƙa shan maganinka.

Taka,
Yorleidis

Boca de Tamboral, 24 ga Mayu

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ran Asabar da tsakar rana, muna cikin aji, mutum huɗu, yaran masu haƙar zinariya, suka sauka daga jirgi mai inji, da bindigogi. Babbansu yana cin mangwaro. Ya ɗaga waya, hoton zanen ne a ciki. Ya ce, "Maestro, an ce makaranta ka buɗe. Idona ba ya son ƙananan rubutu. Kira mana rajista."

Na ce tabarauna yana gida. Ya yi dariya, ya sa aka ɗora hannuna na dama a kan tebur. Da gindin bindiga suka yi, yatsa bayan yatsa. A na uku na yi fitsari a wando, a gaban matan da nake koyarwa. Ban kira kowa ba, amma kada ki ɗauka jarumta ce. Numfashi ne ba ni da shi.

Eufemia ce ta miƙe. Ta ce, "Bar tsohon nan, ɗan Chucha. Ni na yanke maka cibiya, na san ka tun kana kashi a zani. Ga ni, Eufemia, da E." Ya harbe ta a fuska. Ta faɗi kan kwandon zare. Nicomeda Asprilla ta ruga ta ƙofar baya, suka bar ta ta tafi, domin hoton ya nuna masu gidanta, na uku bayan bishiyar kwakwa. Can suka same ta, suka sare ta da adda a gaban murhunta, shinkafa tana kan wuta.

Kafin su tafi ya goge hannu a rigata, ya ce duk sunan da ya isa gaban alƙali, za su dawo su nemi mai shi.

Ni na ba su wannan rajista, Yorleidis, da taurin kan tsohon malami. Saura tara. Ina roƙonki ki ɗauki reza ki warware sunayen duka, ko ki ƙone zanen. Kogin ya riga ya mutu, su kuwa suna da rai.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi.

Anacleto

Quibdó, 30 ga Mayu

Padrino,

Na karanta, na yi kuka, na koma aiki. Ina yi maka sannu da ciwon hannu.

Ga gaskiyar magana. In babu sunaye, zanen ado ne kawai, alƙali zai yaba ya mayar mana. In akwai, kowane suna shaida ce, kuma da shaida ake tsayar da injinan haƙar zinariya. Ba zan ce maka za a tsare su ba. Mun nemi a ba su kariya, har yau ba amsa.

Rezar tana hannuna. Amma ka yanke wa matan hukunci sau ɗaya, kada ka sake, ni ma ba zan yi ba. Ka bi su gida gida ka tambayi kowace, ita kaɗai, ba a gaban sauran ba. Abin da kowace ta ce shi zan yi. Jirgin Laraba ne na ƙarshe kafin zaman.

Taka,
Yorleidis

Boca de Tamboral, 4 ga Yuni

Ɗiyata,

Gaisuwa. Kwana biyu na yi ina zagayawa da sanda.

Bakwai sun ce a bari. Tomasa ta ce, "Maestro, ai sun riga sun san ƙofata, gara alƙali ma ya sani." 'Ya'yan Eufemia da na Nicomeda sun ce kada a taɓa na uwayensu.

Ki warware biyu, na Rosaura da na Baudilia, kuma kada in ji wani ya yi masu gori. Baudilia tana da 'ya'ya huɗu, ba miji. Ba ta iya kallona ba da take faɗa. Har na kai bakin hanya ta biyo ni, ta ce in gaya miki kada ki yanke sunanta da reza. Ki zare shi a hankali da allura, ki naɗe, ki ajiye mata zaren.

Allah Ya kai mu ran tara.

Padrino ɗinki,
Anacleto Rentería