Lemon tsami a ƙarƙashin tayar Kayal

Yaya Murugesan,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Muna lafiya a Dubai, sai dai har yanzu nakan manta in dafa shinkafar mutum uku.

Ka ce in dawo da 'yata Kayal gida tunda tseren mota ya kashe ubanta. Ba zan dawo da ita ba. Daga ƙananan motoci ubanta Ilango ya shiga tseren daji, ya kai na kwalta, kuma sawunsa take bi.

Jiya kafin tsere ta ce in sa mata lemon tsamin sa'a a ƙarƙashin taya. Na ce bazawara ba ta sawa. Ta ce, "Mama, to wa zan jira?" Na sa, ta taka, ta zo ta huɗu.

Aiko mana garin miyar sambar mai yawa. Za mu daɗe.

Ƙanwarka,
Valarmathi