Tsohuwar Ɗakin Ƙarshe

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti da yara. Ya ciwon gwiwa?

Yaya, kaina ya ɗaure. Ka san aikina a gidan kula da tsofaffi: wanka, magani, ciyarwa. Akwai wata tsohuwa farar fata a ɗakin ƙarshe, rikicin tsufa ya kama ta. Ran Talata na kai mata cokali baki, ta kaɓe hannuna, miya ta wanke mini riga, ta ce, "Baƙin hannu ba zai taɓa abincina ba!" A gaban kowa.

Abokan aikina sun kai ƙara, sun ce wariyar launin fata ce. Shugabarmu ta ce in ni ma na kira abin da wannan suna, za a mayar da tsohuwar wani gida mai nisa, inda 'yarta ba za ta iya zuwa kullum ba. Abin mamaki, washegari ta hana kowa taje mata kai sai ni.

Kai da ka tsufa kana koyar da Hausa, don Allah mece ce ainihin ma'anar kalmar nan?

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, takardarki ta iso, raina kuma ya ɓaci ƙwarai.

"Wariya" daga "ware" take, kamar yadda ake ware tsakuwa daga wake. Launi kin sani, fata kin sani. Muna samari muka fara jin ta a rediyo, ana labarin inda doka ta hana baƙi da fari zama a benci ɗaya, har na ɗauka sai da gwamnati da 'yan sanda ake yin ta. Yanzu ko harara aka yi maka don fatarka, sunan ke nan.

A ganina mai warewa sai ya san abin da yake yi, tsohuwarki kuwa ba ta cikin hayyacinta. Antinki ta ce, "Haba Malam, ran Talata ta ƙago maganar? Da ma tana cikinta, tsufa ne ya ɓalle murfin." Mun yi musu har abinci ya huce. Na tashi ina ganin ni ke da gaskiya, yanzu kuma ban sani ba.

Allah Ya yi miki jagora.
Yayanki

*

Yaya Malam,

Gaisuwa mai yawa. Kun ƙara rikita ni, kai da Anti.

Jiya 'yar tsohuwar ta tare ni a ɗakin wanki tana kuka. Ta ce baƙar mace ce ta raini uwarta. Ita ke goya ta, ita ke yi mata kitso, amma iyayen tsohuwar sun hana ta cin komai daga hannun matar, har dukanta suka yi a kan haka. Ashe sunan da tsohuwar take kirana da shi, wanda na ɗauka shirme ne, na matar ne.

To wariya ce, Yaya, amma ta wa? Ta tsohuwar, ko ta iyayenta da suka daɗe a kabari? Na tambayi ƙawata mai ba da magani, ta ce, "Ko ta wace ce, ke aka watsa wa miya. In kika yi shiru, gobe mu ne." Yanzu lokacin cin abinci ba mai zama kusa da ni. Na ce oh, ni ma an ware ni ke nan, kuma duk fatarmu ɗaya.

Jibi za a zauna a kan maganar. A sa ni a addu'a.

Auta

*

Yaya,

Salam. An zauna. Na ce wariyar launin fata ce, da bakina. Na kuma ce kada a ɗauke ta. Shugaba ta ce ba a taɓa haɗa mata waɗannan maganganu biyu ba, sai ta tambayi na sama. Ƙawata ta dube ni, ta rasa ko ta rungume ni ko ta zage ni.

Kada ka tambaye ni ko daidai na yi. Gobe dai ni ce a ɗakinta.

A gaida Anti.
Auta