Ƙuri'a Ta Jefa Goggona Cikin Masu Jira

Anti, ki taimake ni don Allah, na gaji. Ina digiri na biyu a nazarin halayyar ɗan Adam. Bincikena kan wani atisayen numfashi ne, ko yana rage fargaba ga matan da mazansu suka rasu. Ana raba matan gida biyu, wasu a koya musu yanzu, wasu su jira sai an gama, sannan a kwatanta. Ba ni ke zaɓa ba, takardu ake naɗewa a zuba a kwali kowacce ta ɗauka.

Goggona, ƙanwar Baba, tun rasuwar mijinta ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Ta ce in sa ta, na sa ta, ta ɗauko ta jira. Tun ranar, da ƙyar Baba yake amsa gaisuwata. Wai kwalin a hannuna yake amma na bar jinina tana wahala ina lallashin bare. Ita Goggo ba ta ce komai ba, shi ya fi damuna. In na mayar da ita ɗaya rukunin a ɓoye ba wanda zai sani, amma na ɓata aikin da na ƙare ƙarfina a kai. Yanzu ko kwalin ba na son gani.

'Yarki da ta rasa yadda za ta yi

'Yata, sannu. Kada ki taɓa ƙuri'ar nan. Da zarar tausayi ya fara zaɓen wa zai shiga ina, sakamakon ya tashi daga aiki, kuma sauran matan ma goggonnin wasu ne. Amma Babanki bai yi ƙarya ba, ƙanwarsa yake gani tana ramewa.

Inda aka kuskure tun farko shi ne sa 'yar uwa a bincikenki. Ki je wurin malamin da ke duba aikinki, ki faɗa masa dangantakarku, a cire ta gaba ɗaya. Daga nan ba ruwanta da kwali. Ki koya mata atisayen a ɗakinta, ki gaya mata gaskiya cewa har yanzu gwaji ne, in fargabar ta yi yawa ki raka ta asibiti.

Kuma ina zargin ba numfashin ne ya kai ta ba, ganinki take so. Ki je ba biro ba takarda, ki zauna. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya sa ki huce gajiya.